Ranar da Yaya Mu'azu Ya Jiƙa Takardun Kaka

Wata Asabar ce bayan Babbar Sallah ta shekarar 2013, alhazai sun fara watsewa daga Makka, na hau saman benenmu na unguwar Mansur da kwandon shanya, na tarar da Yaya Mu'azu tsugune gaban robar wankinmu. Ruwan ciki ya yi baƙi ƙirin. Ya naɗe hannun jallabiyarsa yana cuɗa wasu takardu kamar mai dama fura, bakinsa na motsi da addu'a. Sai da na hango gafakar fata yashe a gindin tankin ruwa na gane abin da yake jiƙawa. Na saki kwandon na kurma ihu. Shekarata goma a lokacin, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Takardun na Kaka ne, mahaifiyar babanmu, wadda ta zo Hajji daga wani ƙauyen Sakkwato tun Baba yana goye, ba ta kuma koma ba. Mahaifinta marini ne, amma in ya taso daga karofi yakan zauna ya rubuta gajerun wa'azi da addu'o'i da Hausa, cikin ajami, saboda matan ƙauye da ba su jin Larabci. Falle-falle suke, ba ɗinki, gefensu duk ya cinye. Kullum in Kaka ta gama sayar wa leburori ƙosai da kunu, sai mu hau sama da hantsi, ni ina kankare kasko ina surfa waken gobe, ƙawayena na 'yar carafke da ƙwallayen dabino suna yi mini gwalo, ita kuma ta miƙe ƙafa ta zaro falle ɗaya tana rerawa ƙasa-ƙasa. Akwai na haƙƙin maƙwabci, akwai na masu tauye mudu, akwai wanda ta fi so, mai cewa mutum ya riƙa zama shiru yana bincikar zuciyarsa. "Yi shiru ki ji, 'yannan, ba kullum a kan yi ma Allah surutu ba," haka take ce mini in na dame ta da tambaya.

Yaya Mu'azu kuwa a Makka aka haife shi kamar ni, sai dai shi Hausarsa ba ta wuce ta neman abinci ba. A shekarar ya fara zuwa darasi a wani masallaci a unguwar Utaibiyya, yana dawowa da 'yan littattafai masu sheƙi da ake rabawa kyauta, yana kallon kowa a gidan kamar ɗan wuta. Ranar Kaka ta tafi dubiya, ya buɗe gafakar. Ya ga baƙaƙen Larabci, ya kasa fitar da kalma ko ɗaya, ga jan tawada nan da can, shi ke nan malam Mu'azu ya yanke hukunci: sihiri ne. Bai tambayi kowa ba, alhali Umma na ƙasa tana tuƙin tuwo. Tawadar gawayi da ƙaro ce, ba ta jure ruwa, kafin in iso aikin gama ya gama.

Da Kaka ta dawo, ta hawo tana dafa gwiwa, ta leƙa robar. Ita da ba ta kiransa sai "angona", ranar sunansa ta kama. "Mu'azu, mi kay yi haka? Hannun babana na fa." Ko a jikinsa, ya ce da Larabci gauraye da Hausa, "Ya jadda, hada sihir, haram ne, na taimake ki." Na ɗauki silifas na jefe shi, ni aka mara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba. Ya san abin da ke cikin takardun, da su aka yi masa reno, amma da ya dawo daga wajen gini cewa ya yi, "Inna, ki yi haƙuri, yaro ne. Kuma in 'yan sanda sun gani ba za su tsaya tambaya ba, ga mu babu igamar zama a ƙasar." Har da sa wa Yaya albarka a kan kishin addini.

Kaka ta tsamo takardun ɗaya bayan ɗaya ta shanya, ta danne da duwatsu, suka bushe fayau babu ko ɗigo. Ta yi ta ƙoƙarin tuno su da ka, amma ido ya saba ja mata hanya, sai ta kama kan wannan ta faɗa wutsiyar wancan, kuma duk gidan babu mai iya rubuta abin da ta tuno. Yaya ya kawo mata ɗaya daga littattafansa, na Hausar boko, ta juya shi sama da ƙasa ta ajiye kan taga. Daga baya ta daina hawa saman gaba ɗaya. Ba ta yi shekara biyu ba ta rasu.

Yau irin waɗannan littattafan na kyauta sun cika ko'ina, har a waya ana turo su, kuma Yaya ya zama magidanci mai sanyin hali da kowa ke yabo. In na tayar da zancen sai ya yi dariya ya ce ƙuruciya ce. Ni kuwa da na girma na nemi wata tsohuwa a unguwarmu ta koya mini ajami har na ƙware, don haushi kawai. Yanzu na iya karanta hannun baban Kaka, sai dai babu abin da zan karanta.