Wanda Ya Hana Ni Shafa Man Kifi a Gwiwa

Ina ɓarar gyaɗa a ƙofar gida bayan azahar, sai ga ɗan acaɓa daga Batsari. Ko injin bai kashe ba ya ce, "Baba Ilu, sai haƙuri. Malam Sanusi na asibiti ya rasu, jinyar ba ta yi ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yi boko ba. Maƙwabcina malamin firamare ke rubuta wannan, na kuma ce kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Malam Sanusi ma'aikacin lafiya ne da aka turo mana Ruma. Da 'yan bindiga suka matsa, abokan aikinsa suka koma gari, shi ya zauna. Yakan ce, "Ciwo bai yi gudun hijira ba, ni ina za ni?"

Gwiwoyina sun kumbura har na koma sallah a zaune. Ya ba ni maganin asibiti, ya haɗa da wasu ƙwayoyi masu launin zuma, ya ce man kifi ne. Da na ji mai, sai na riƙa huda su da ƙaya ina shafawa. Magen gida ta hana ni sakat. Da Malam Sanusi ya zo ya sunsuna gwiwar, ya yi dariya har da hawaye. "Baba, haɗiyewa ake yi! Kuma ban ce zai warkar da kai ba. Yana iya rage kumburi, amma kada ka bar maganin asibitin."

Daga baya aka baza cewa man alade yake ba mutane. Wasu suka zubar da nasu a juji. Shi kuwa sai ya kai wa liman kwalbar ƙwayar, ya karanta masa abin da ke jikinta. Ni kuwa ranar Juma'a na haɗiye ƙwayar a ƙofar masallaci, na ce mai magana ya fito. Ba wanda ya fito.

Jiya wurin zaman makoki na ji wani na raɗa, wai da ƙwayar tana da amfani da ta tsare shi. To ku ji. Bai taɓa cewa tana maganin ajali ba. Ni da na shekara ina sallah a zaune, da ikon Allah a tsaye na sallaci gawarsa. Muddin ina numfashi, ba mai ɓata sunansa a Ruma.

Allah ya jiƙan Malam Sanusi, ya yalwata masa kabari, ya sa aljanna ce makomarsa. Ya ba matarsa haƙuri, ya raya marayun da ya bari. Masu ƙazafi kuma Allah ya shirye su kafin su gamu da ni.