Doguwar da Na Gada

Da aka zo rabon gonar mahaifinmu a bakin kanal ɗin ban ruwa, hanyar Bunkure, yayyena suka ɗebe inda ruwa ke kwanciya, ni suka tura ni gindin tsamiya. Wai ni ne mai ƙarfin hali. Alhali kowa a garin ya san Doguwa ce zaune a tsamiyar nan da 'ya'yanta, aljanar da in ta shafi mutum sai rabin jikinsa ya shanye.

Ni dai ban taɓa ganinta ba. Inuwa na gani. Shinkafa in ta kai wajen sai ta tsaya tsilli-tsilli kamar gemun bunsuru, ɗan abin da ya yi ido kuma tsuntsayen kan tsamiyar su sauko su cinye. Masu dashe ba sa matsawa kusa da rana tsaka. Mai tarakta ya riƙa kewaye ta kamar ya hango surukarsa. Na kira masu saran itace, suka ce ko reshe ba za su taɓa ba, suna da iyali. To ni duwatsu nake ciyarwa?

Na je wajen gwaggona, wadda ta yi bori kafin ta je Makka ta dawo da haƙorin zinare. Ta ce Doguwa ba a yi mata gatari, lallashi ake yi, da nono. Na yi ta sayen nono a rugar Fulani ina ajiyewa a gindin itace. Kullum ƙwarya a lashe tas. Karen maƙwabcina ya yi ƙiba har da ƙyalli.

Damina ta wuce, rani ya wuce, buhunan da nake kaiwa gida ba sa kai mu ko'ina. Da na sa gonar a kasuwa, kowa ya noƙe sai wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura. Babban yayana ne ma ya rako shi.

"Sakar masa, ƙanena," in ji shi, "tun Doguwa ba ta taɓa maka yara ba."

Na saki, a wulaƙance.

Alhaji ya kawo masu injin yankan katako daga Kano. Ba addu'a, ba nono, ba sallama. Kafin la'asar tsamiya na ƙasa, aka kwashe itacen aka kai wa mata masu turara shinkafa. Ina tsaye a kan kunyar gona ina jira in ga wanda zai fara karkacewa. Ko atishawa babu wanda ya yi. Mutanen gari suka ce ai Alhaji mai riƙon addini ne, aljanu na jin nauyinsa. Na ce su ma dai sun san babbar mota.

Bana shinkafarsa a wajen har ƙirji. Gwaggo kuma ta aiko wa matata cewa Doguwa ta koma darbejiyar tsakar gidana, wai ta saba da ni. Yanzu an ɗauke murhu daga gindinta, kuma an ce in sayo nono.