Ƙafar Kawu da ta Rage a Astarakan

Ranar Talatar da ta wuce ina tsugune ina wanke wa ƴata kai, sai saƙon murya ya shigo daga babanta. Na goge hannu a zane na danna. Yana cikin gaya mini ya sayi rigar sanyi, sai wani abu ya yi kuka a bayansa, dogon kuka mai kauri, kamar bijimi ya faɗa rijiya. Ban taɓa ganin jirgin ruwa da idona ba, ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba, amma nan take na gane shi. Tun ina ƴar mitsitsiya nake jin wannan kukan a tsakar gidanmu na unguwar Zango, yana fitowa daga bakin kwalba.

Kawuna ne mai hura kwalbar, wan mahaifiyata. Tun kafin a haife ni gwamnati ta ba shi bursi, wato tallafin karatu, ya tafi Rasha karatun kifi, a wani gari da ake kira Astarakan. In kun taɓa zama Zinder kun san abin da ya sa mutanen unguwa suka yi ta dariya. Garin da pampo ke kwana da kwanaki bai ɗigo ba, garin da mata ke tare ƴan ga-ruwa tun daga bakin hanya, a ce ɗansa ne za a tura koyon kifi. Ya yi shekarunsa can ya dawo, aka ba shi aikin zuba ƙananan kifaye a tabkunan ƙauye wajen Dogo, waɗanda rabinsu kan ƙafe kafin kifin ya kai tafin hannu.

Sunan kakata aka sa mini, saboda haka Kawu ba ya kiran sunana, sai dai Uwata. Da bazara, in ya yi alwalar la'asar ruwa ya rage a buta, yakan yafito ni mu koma gindin dogon yaro, inda ƙasa ta ɗan gangara zuwa makwarara. Sai ya tsiyaya ruwan a hankali daga sama. Ruwan ya taho siriri, ya taho, in ya kusa ƙasa sai ya rabu gida-gida kamar yatsun hannu. Ya ce wannan shi ne kogin Bolga, daga can arewa mai nisa ya fito, kuma daidai inda ya fara buɗe yatsunsa, nan garin yake zaune a kan tsibirai. Inda ruwan ya taru ya kwanta a ƙarshe, nan ne tekun Kasbiyan. Ya ce sunansa teku, amma ba shi da ƙofar fita, tabki ne dai da ya fi ƙarfin ido, ga shi da ɗanɗanon gishiri.

Daga nan sai ginin gari. Ni ce mai kawo kaya. Guntun fasasshen tangaran shi ne farar ganuwa da ke kan tudu a tsakiyar garin, wadda ya ce ta fi ta Birnin Zinder tsayi nesa ba kusa ba, a cikinta akwai babbar majami'a mai kore-koren ƙubbobi da hasumiyar ƙararrawa da ake hangowa daga cikin kogi. Tsinkayen tsintsiya su ne gadoji, don ya ce a can ba ka zuwa gaisuwa ba ka tsallaka ruwa ba. Ƙwallayen dabino su ne masallatai, waɗanda ake kira da launi, Fari da Baƙi da Ja, ko da yake a zamaninsa yawancinsu a rufe suke, tsofaffi ne kawai ke lallaɓawa salla. Ashana kuwa ita ce jiragen da ke jere a bakin gaɓa ana loda musu katako da hatsi. In an gama jera komai sai ya ɗauko kwalbarsa ya hura, jirgi ya tashi ke nan.

Kaka tana ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai take cewa Rashar nan tasa sai ta shanye mata randa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai ragowar alwala ce, Inna, ta riga ta yi aikinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda garin ya yi kama da namu, kuma bai yi ba. Ya ce in ka fita bayan gari fili ne fetal, busasshe, har da raƙuma, sai dai nasu tozo biyu gare su da gashi kamar bargo. Ya ce akwai wani tabki da ake haƙar gishiri kamar yadda Buzaye ke kawo mana na Bilma. Akwai kuma tsofaffin masaukai masu faɗin tsakar gida, inda fataken Farisa da na Indiya suke sauke kaya a da can, su yi watanni suna ciniki. Ya ce ranar da ya fara shiga ɗaya daga cikinsu sai ya tsaya cik, don ya ga Zango ce sak, irin wadda kakanninmu suka riƙa saukar da ayarin Arewa a cikinta. Wata tsohuwa Musulma, daga mutanen da ake kira Tatar, ta taɓa ba shi shayi da madara da gishiri a ciki. Ya shanye don kunya, daga baya kuma har nemansa yake yi.

Shekarar garin ma ya koya mini, kamar yadda Kaka ta koya mini tamu. Da sanyi kogin yakan daskare ya zama dutse, maza su huda rami a kai, su kifa bokiti su zauna suna jiran kifi. In sanyi ya fara sauka ƙanƙarar ta riƙa tsagewa da ƙara, ruwa ya cika ya hau filaye, sai wasu ƙananan ƙwari su fito su hana mutum buɗe baki. Daga nan zafi, wanda ya rantse bai fi namu sauƙi ba. Lokacin ne kankana ke cika kasuwa tuli-tuli, wani fure kuma mai kama da bado, amma babba, ja-ja, ya rufe ruwan har ba ka ganinsa. Kifi kuwa, a kowace taga za ka gan shi rataye a igiya, an jiƙa shi da gishiri, kamar yadda muke shanya wanki. Kawu ya sha gwada yin irinsa a gida da tarwaɗar tabki. Ba mai ci sai shi, sai ni da nake daurewa don kada ya ci shi kaɗai.

Amma akwai abin da ko ina yarinya na lura da shi. Kawu yana cikin gida, kuma ba ya ciki. Ana hira sai ka ga idonsa ya wuce katanga. Bai yi aure ba sai da furfura ta fara masa. In ya zauna kuwa, ƙafarsa ta hagu ba ta tsayawa, kullum tana kaɗawa kamar ta mai taka keken ɗinki.

Kaka tana da bayaninta. Ranar da zai tafi, ta yi abin da tsofaffinmu ke yi wa matafiyi. Ta zuba ruwa a ƙofar zaure don ƙasa ta yi laushi, in ya taka ya wuce ta kwashe ƙasar sawunsa ta ƙulle a tsumma, ta ajiye ƙarƙashin randa, don sawun ya jawo mai shi gida. To, ƙofar zaurenmu akwai wani falalen dutse, irin duwatsun nan na garinmu da ke fitowa ko'ina. Ƙafar dama ta sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta hagu ta sauka a kan dutsen. Sawu ɗaya ta samu. Duk shekarun da ya yi can tana yayyafa wa ƙullin ruwa, ko ranar da babu na girki.

«Ƙafa ɗaya na kira, ita ce ta zo,» in ji ta. «Ɗayar tana can tana yawo a bakin koginsu.»

Da dariya take faɗa, mu ma mu yi dariya. Sai da na girma na tuna cewa ita dariyar tata ba ta kaiwa ido.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, aka yi mini aure, muka kama haya a unguwar Kara-Kara. Maigidana ma'aikacin jinya ne, mutum mai son karatu kamar me. Bara, ƴarmu tana koyon tafiya, ya shigo da fara'a ya ce ya samu bursin ƙaro ilimi a Rasha. Na ce masa barka. Da ya faɗi sunan garin, yana ta ƙoƙarin furta shi daidai, sai na ji ashe Astarakan ne. Shi bai san komai a kan garin ba. Ni kuwa na san inda ganuwa take, na san launin masallatai, na kuma san irin mutumin da garin ke maido wa mutane. Na kalli yarinyar nan tana riƙe da gwiwarsa, na ce a raina shi ke nan, za ta girma da uba mai kallon bayan katanga, in ma ya dawo.

Ban ce kada ya tafi ba, ba ni da wannan bakin. Na dai daina cin abinci sosai. Da abin ya ishe ni na goya ƴata na hau kabu-kabu zuwa Zango. Kaka ta daɗe da rasuwa, an sare dogon yaron an yi shago, tsakar gidan duk an shafe ta da siminti. Kawu yana zaune a tabarma, idonsa ya yi rauni, ƙafar tana aikinta. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, har dai na gaya masa zancen tafiyar maigidana, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, wato me ke cikin garin nan da yake riƙe mutum.

Ya ce garin bai riƙe shi ba, gari ne kamar kowane, da masu kirki da marasa kirki. Ya ce da ya dawo, mutane sun cika gidan nan makil, kowa yana tambayar tsaraba, wasu na tambaya ko ya ci naman alade, ko yana salla. Ba wanda ya ce masa me ka gani. In ya fara ba da labari sai a ce ya fara Rashancinsa, a tashi.

«Shekaru na ɗauko a kaina, Uwata, na rasa mai kama mini in sauke. Sai da kika zo kina tsuguna mini a gindin bishiya, lokacin kuwa wuya ya riga ya sanƙare. Ke kin san garin. Ki riƙa tambayar mijinki tun yana can.»

Na ji maganarsa, amma ni jikar Kaka ce. Ana gobe tafiya na ɗebo rairayi a bayan gida na shimfiɗa a ƙofar ɗakinmu a kan siminti, da faɗi, yadda ba inda ƙafa za ta kauce. Da safe na jiƙa shi. Maigidana ba ya son irin waɗannan abubuwa, ya sha cewa Allah ne ke kai bawa ya dawo da shi, kuma na san gaskiyarsa ce. Ya fito da jaka, ya dubi rairayin, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Sai ya taka ciki da ƙafa biyu, ya ajiye jakar, ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da ya tafi na kwashe sawun duka biyu. Ƙulli biyu ne yanzu a ƙarƙashin randata.

Tun da ya isa nake aikensa. Na ce ya je ya dubo mini ko ganuwar tana nan fara, ya je ya ce tana nan, har an gyara ta. Na ce ya nemo masaukin fatake. Na tambaye shi ko an buɗe masallatan, ya ce ranar Juma'a har waje ake sahu. Da farko yana mamakin inda na san waɗannan abubuwa, yanzu kuwa shi ke riga ni, ya ce yau ga abin da ya gani, ki ajiye mini. Ina ajiyewa. Tsoron bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Wani lokaci in waya ta yi kwana biyu shiru, sai in kasa ko tsefe kaina.

Jiya na kai wa Kawu saƙon nan mai kukan jirgi. Na kanga masa wayar a kunne. Ya saurara, ya ce in sake, na sake. Ya ce wannan babba ne, mai kaya, gangarawa yake yi wajen teku kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Sai ya shiga ba ni saƙonni: a tambayo masa ko kasuwar kifi tana inda take, ko har yanzu ana rataye kifi a taga, ko tsofaffin gidajen katako masu sassaƙa a goshi sun tsira. Ƴata ta samu wata kwalba a gefen tabarma tana ta tofa mata yawu, ya karɓa ya nuna mata yadda ake ɗora leɓe.

A da mutum kan tafi da ƙafafunsa, ba a jin ɗuriyarsa sai ranar da ya dawo da gari guda a ka. Yanzu garin yana zuwa mini kaɗan-kaɗan, ina tsakiyar wanki. Ban san ko hakan zai isa ya maido mini da mijina cikakke ba, sai ranar da ya tsaya a ƙofar nan zan sani. Abin da na gani da idona kawai zan iya faɗa. Muna zaune jiya, Kawu yana jero tambayoyinsa, yarinya tana hura kwalba, sai na dubi tabarma. Ƙafarsa ta hagu tana shimfiɗe kusa da ta dama, ba ta motsi.