Layin da Na Tsaya a Tashar Jibiya

A shekarun da kuɗin fetur ya cika ƙasa, manyan motoci ba sa yankewa tsakanin Jibiya da Maraɗi. Rigima da 'yan duwan, wato 'yan kwastan na tsallaken iyaka, ita ma ba ta yankewa. Sai aka ce za a kafa majalisar fatake ta ƙasashen biyu, kowane ɓangare ya zaɓi wakilinsa.

Zaɓenmu na layi ne. Ɗan takara zai tsaya a filin tasha, masu son shi su jeru a bayansa, ido na ganin ido. Mutum biyu suka fito. Ɗaya maigidana ne, wanda nake yi wa lodin gero. Ɗayan wani tsohon direba ne da ya taɓa tarewa a bakin iyaka har aka sako 'yan dakonmu da aka tsare.

Daga ajin yaƙi da jahilci na taho. Na wuce layin maigida, na tsaya bayan direba.

"Kai, karatun ne ya kashe maka ido?" in ji maigida. "Ga layinka nan."

"Na gan shi, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Aka kwashe da dariya. Amma ban gusa ba har aka gama ƙidaya.

Direba ya ci. Washegari maigida ya ba wani lodina. Na koma dako a kasuwa har damina ta wuce. Duk ranar da direban zai tafi zaman Maraɗi, nakan ɗaga masa hannu da buhu a kaina.