Burodin 'Yata da Ruwan Dargaza

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Nassarawo cikin Jimeta, 'yata ta fari tana aji ɗaya a firamare, na taɓa shafe wata uku ina dambe da burodi. Wanda ya ga yadda nake cika baki a kan girki yanzu ba zai yarda ba, amma wallahi an yi haka.

Yarinyar tun tana ƙarama ba ta da jiki. Ciki a kumbure, gudawa ta tafi ta dawo, ƙafafu kamar sillen kara. Mun sha yawon asibiti kafin wani likita ya sa aka yi mata gwaji, ya zaunar da ni ya ce hanjinta ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin alkama. Ya ce, "Kada ta ƙara cin duk abin da aka yi da alkama, ko kaɗan ne." A raina har murna na yi. Mu da ba ma tuƙa tuwon alkama, alkaki kuma sai an yi biki, wannan ai doka ce mai sauƙi.

Washegari na biya shagon unguwa inda muke sayen burodi, na tambayi dattijon da ke da shagon ko yana da wanda babu alkama a ciki. Ya nuna mini wani mai launin ƙasa ya ce, "Wannan shi ne na alkama, na masu ciwon suga. Wannan farin kuwa, Hajiya, ko ƙwayar alkama babu. Fulawa ce zalla." Har da rantsuwa. Na rungumo burodina na taho gida ina jin kaina uwa mai dabara.

Sati biyu ciwo bai ragu ba. Na koma wurin likita da faɗana, na ce maganarsa ba ta yi aiki ba. "Na raba ta da alkama gaba ɗaya," in ji ni. "Burodin fulawa kawai take ci da safe, da rana kuma taliya."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Hajiya, ita fulawar da me ake yin ta?"

Nan take na gane ashe fulawa garin alkama ce. Ni malamar makaranta ce fa, 'ya'yan mutane nake koyarwa. Amma a rayuwata ban taɓa haɗa su biyun ba. A wurina alkama ita ce wadda ake aunawa da mudu a kai niƙa, fulawa kuma kayan kamfani ne da ke zuwa a buhu. Shi ma mai shagon ba cutata ya yi ba, iyakar saninsa ke nan. Ranar na yi kuka a cikin keke-napep, don da hannuna na yi ta ba 'yata abin da ke cutar da ita.

Da muka kawar da fulawa daga gidan, cikin wata guda kumatu suka fara fitowa. Sai kuma wata sabuwa. Ran nan zan wanke kayan makarantarta na tarar da ɓarɓashin burodi a aljihu, kuma dama kwana biyu ina ganin tana riƙe ciki. Na tsare ta, ta fashe da kuka ta ce, "Dada, in an fita tara kowa burodi yake ci, ni kaɗai ce mai masa. Ƙawata ce take gutsura mini."

Nan na gane duka ba zai yi ba, wa'azi ma ba zai yi ba. Ba zan iya bin ta filin makaranta ina gadin bakinta ba. Ko dai in samo burodin da za ta so da kanta, ko ta ci gaba da ci a ɓoye ciwon ya dawo. Na zaga Jimeta, na tsallaka cikin Yola har Wuro Hausa inda aka yi mini kwatancen wata mai gashi, duk babu. Sai na ɗaura zani na ce ni zan yi.

Ba ni da na'urar gashi, tukunya ce da yashi a ƙasanta a kan gawayi. Na farko da garin shinkafa na yi shi. Maigidana ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya ce in ajiye masa zai riƙa tokare ƙofa. Na biyu ya yi laushi, amma wuƙa na taɓa shi ya wargaje kamar dambu. Sai na tuna ai kuka ce ke riƙe ɗanwake, na zuba ta da hannu sake. Burodi ya fito kore shar. 'Yata ta leƙa ta ce, "Dada, tun bai huce ba ya ruɓe?"

Wata Lahadi maƙwabciyarmu ta dawo daga coci ta same ni ina watsa wa kaji aikin ranar. Dattijuwa ce 'yar kudancin jihar, ta yi ritaya daga koyarwa, kowa Mama yake ce mata. Ta ɗauki gutsure ta murza a yatsu ta ce, "Malama, wannan abu naka ba shi da yauƙi. Fulawa yana kama jikinsa, shinkafa ba ya kamawa. Ka san dargaza?"

Na ce, "Ta miya, Mama?"

"Shi fa. A garinmu muna sa ruwansa a ƙullu, ba ya ɓata ɗanɗano. Ka jiƙa, ka tace, ka kwaɓa da shi."

Ta shiga gida ta kawo mini ɓawon itacen a ɗaure. Na ɗan daddaka na jiƙa, ruwan ya yi yauƙi har yana bin ludayi. Na tace, na kwaɓa garin shinkafa da ɗan sitacin rogo, da ƙwai, da yis, da madara, na zuba a gwangwani, na rufe na kai rana. Da na ɗaga murfi, kwaɓin ya taso har bakin gwangwani! Na sa a tukunya, na zauna a gaban murhu ina fifita kamar mai jinya.

Da ya huce na sa wuƙa. Yanka ya fita sumul, bai wargaje ba. Na lanƙwasa shi, ya lanƙwasu, na sake shi, ya koma. Jama'a, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Na fita a guje ba takalmi ba mayafi, na faɗa gidan Mama da yanka ɗaya a hannu ina cewa, "Ya kama, Mama, ya kama!" Ta gutsura ta tauna a hankali ta ce, "Ya kama, amma gishiri ya yi kaɗan. Koma."

Na koma har sau huɗu kafin ta gyaɗa kai. Ran Litinin na shafa man shanu a yanka biyu na sa wa 'yata a kwanon makaranta. Ranar ban san me na koyar a aji ba, idona na kan agogo.

Da ta dawo na karɓi kwanon na buɗe. Nawa babu, sai wani yanka na farin burodin shago kwance a ciki. Na ɗaga shi na nuna mata.

Ta ce, "Ƙawata ce ta roƙe ni mu yi musaya. Na ba ta ɗaya, ta ba ni nata. Ban ci ba, Dada, ko lasa ban yi ba, nawa ya fi daɗi. Ke na kawo wa, tunda ke cikinki ba ya ciwo." Ta cire takalmi ta ƙara da cewa, "Gobe ki sa mini huɗu, akwai masu so."

Na zauna a bakin ƙofar kicin na cinye wannan busasshen yankan ina dariya, hawaye na zuba.

Abin da na ɗauka daga lamarin shi ne, yaro ba ya barin abu don an hana shi, sai in ya sami nasa da zai iya miƙa wa wani ba tare da jin kunya ba. Da ina zaton abinci kawai nake nema mata, ashe wurin zama nake nema mata a cikin 'yan'uwanta yara. Yanzu ta girma, ta fi ni tsawo, ita ke gasa abinta duk ƙarshen mako, har tana ce mini hannuna ya cika nauyi a kwaɓi. Tun daga waccan Litinin ba mu sake kwana a asibiti saboda cikinta ba.