Kaset ɗin da ya rage a rikodar Arzika

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ƙanena Arzika, mai gyaran rediyo a Illo. Har yau in na ga jikokina suna shafa fuskar waya, kwamfutarsa nake tunawa.

A kasuwar tsallaken iyaka ya tsinto ta, cikin kayan gwanjo da suka taso daga Kwatano. Ta tsufa tun kafin ta iso hannunsa. Ba ta da allo. Faranti ne guda, ruwan toka, duk hanjinta na ƙarƙashin maɓallan, sai an jona ta da talabijin take nuna rubutu. Littafinta da Faransanci yake, don haka ni da na zauna Lome da Yamai nake fassara masa, yana yi mini tsiya wai yau yawona ya yi rana. Na ga manyan injuna a ofisoshin Jidda, amma ban ga mai mantuwa irin wannan ba. Da an kashe ta komai ya tafi. Abin da kake son ya zauna sai ka zuba shi a kaset irin na rediyo.

Abin da Arzika ya zuba shi ne dangin matarsa Zalika. 'Yar Dendi ce daga ɓangaren Benin, marainiya, gwaggonta kaɗai ta san waye ɗan wa, waye ya koma wane gari. Duk zuwan tsohuwar sai ya zaunar da ita, tana jero sunaye yana dannawa da yatsa biyu. Tsohuwar ta rasu, bai daɗe ba ya bi ta, Allah ya jiƙansu.

Lokacin shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, gidaje na rabuwa da kaset-kaset na kiɗa. Zalika ta sa na Arzika a rediyo ko za ta ji muryarsa, sai ƙara kawai kamar kukan gyare. Ta ɗauka sun lalace, ta bayar aka naɗi wa'azi a kansu don ladan ya kai gare shi. Ranar da na gaya mata abin da ke ciki ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Yaya, ashe da hannuna na shafe mutanena?”

Kaset guda ya tsira, wanda Arzika ya bari cikin rikodar da yake jona wa kwamfutar. Da hantsi muka jona komai. Kaset na ta kukansa, ni ina addu'ar kada a ɗauke wuta, don in an ɗauke sai a koma farko. Can sunaye suka fara gangarowa a talabijin. Ina karantawa tana gyara mini lafazi, har muka zo kan wani suna ta ce in tsaya. Ɗan kawunta ne, a wani ƙauyen masunta. Bayan sallah ta shiga kwalekwale, ta same shi da rai.

Da Arzika zai ga wayoyin yau, na san bayansu zai fara juyawa yana neman inda ake kwancewa, ya yi tsaki in bai samu ba. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa. Amma duk shekara mutanen ƙauyen nan na zuwa gidansa da busasshen kifi.

Kaset ɗin na cikin akwatin Zalika. Kwanan baya na tarar ta sa shi a rediyo, ƙarar na tashi, tana tsintar shinkafa. Na ce mata ai ba abin ji ba ne.

Ta ce, “Bari shi, Yaya. Yanzu na san mi yake faɗi.”