Malam Abarci, Mai Rage wa Ordinata Gudu

Ƙarfe bakwai Malam Abarci yake buɗe shagonsa a bayan kasuwar Dakoro. Ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya ɗora shayi, sannan ya ɗauko tsohon kayensa, wato littafin rubutu na makaranta. Shekara goma sha bakwai ke nan yana gyaran ordinata, wato kwamfuta, kuma bai taɓa canza lamba ɗaya a cikin injin wani ba sai ya fara rubuta wadda ya tarar. Masu gaggawa suna ce masa hawainiya. Shi ko a jikinsa.

Aikin da ya fi ƙwarewa a kai ba ya ganuwa. Akwai wani allo da ake shiga kafin ordinata ta gama tashi, biyos ake ce masa. A nan ake gaya wa ram, wato 'yan sandunan da inji ke riƙe aikin da yake yi a cikinsu, gudun da za su yi, da ɗan jiran da za su yi kafin su amsa kira. Lambobi ne tsiraru, amma in aka kuskure su, inji sai ya riƙa suma.

Aisata, mai gabatar da shirye-shirye a wani ƙaramin gidan rediyo na garin, ita ce shaida. Bara aka ɗaga ranar sakin gonaki, wato ranar da ake barin dabbobi su shiga gona, da mako biyu, don wake bai gama shiga rumbu ba. Dattawan makiyaya sun zo sun naɗi sanarwa da Fillanci da Buzanci, sun koma daji. Garkunan Tagriss kuwa sun riga sun kamo hanyar kudu. In sanarwar ba ta fita ranar ba, shanu za su faɗa waken mutanen Ɗan Gulbi, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

Sai ordinatar da muryoyin ke ciki ta fara mutuwa duk minti goma. Ashe Mustafa, abokin aikinta, ya sayo sabon ram a Maraɗi ya haɗa da tsohon, ya ga an rubuta 3200 a jikin sabon, ya ɗaga gudun duka biyun zuwa can. Da kyakkyawar niyya, bawan Allah!

Da suka kai masa injin, Malam Abarci bai yi wa Mustafa faɗa ba. Ya duba tsohon, ya ga iyakarsa 2400, ya mayar da su nan, ya ƙara musu lambobin jira. Mustafa ya yi ƙorafin an yi asarar saurin sabon.

"Ɗana," in ji Malam, "ka taɓa ganin makiyayi ya kora garke da gudun maraƙi? Da tafiyar tsohuwar saniya ake isa rijiya."

Aisata ta miƙa hannu za ta ɗauki inji, ya hana. Dokarsa ce, sai inji ya yi gwaji daga azahar zuwa la'asar, fanka a kashe, domin a zafin Dakoro zai yi aiki. Ta ce har haushinsa ta ji. Ƙarfe biyar sanarwa ta fita, aka maimaita ta kwana goma sha huɗu, inji bai ko yi tari ba. Wake ya shiga rumbu lafiya.

Malam, kai ne ba a ambata a rediyon ba. Kai ne ka karɓi kofin shayi a matsayin ladan aiki ka ce ya isa. Yanzu ido ya fara gajiya da ƙananan lambobi, ka ce bana za ka koma gona a Mai Yara. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Masu sana'a, ku ɗauki halinsa: ku rubuta abin da kuka tarar, ku gwada kafin ku miƙa. Mustafa dai ya riga ku. Ranar Juma'a aka gan shi a kanti yana sayen kaye.